John Entwistle, Sa Mai Yatsun Tsawa

Masu karatu, in an sa faifan waƙa a rediyo ko a wurin biki, galibin mutane mawaƙi suke bi da kunne. In an ƙare aka tambayi mutum abin da ya ji, sai ya maimaita maganar waƙar, wataƙila kuma ya yabi mai ganga. Amma akwai wani makaɗi wanda ba safai ake ambatonsa ba, alhali kuwa a kansa nauyin kiɗan yake. Shi ne mai kaɗa jitan nan mai babbar murya, wadda makaɗan zamani ke kira bes. Yau za mu ba ku labarin wani mutumin Ingila mai suna John Entwistle, wanda ya riƙe wannan jita cikin ƙungiyar makaɗan rok da ake kira The Who, tun daga 1964 har ya rasu a 2002.

Ga abin da ya jawo mu ga wannan magana. Ran nan a kwalejinmu ta horon malamai muna darasi a kan yadda sauti ke tafiya cikin iska, sai muka sa wa ɗalibai waƙoƙin Turawa guda biyu ta ƙaramar lasifikar wayar hannu, muka ce su ƙirga kayan kiɗan da suka ji. A waƙa ta fari ba wanda ya ji bes, ko da yake akwai ta a ciki. A ta biyu, watau waƙar The Who mai suna "The Real Me", kowa ya ji wani abu yana ta sukuwa sama da ƙasa, amma sai suka ɗauka jita ce ta biyu. Da muka gaya musu bes ce, ba su yarda ba sai da muka kawo babbar lasifika. Dalilin da ya sa bes ta ɓace a wancan faifai ta fito fili a wannan, shi ne labarin aikin Entwistle.

Wace ce bes?

Kafin zamanin lantarki, mai babbar murya a ƙungiyar makaɗan Turawa wani ƙaton goge ne da ake kafawa a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum, ana jan tsirkiyarsa da yatsa ko a goga ta. Ga wahalar ɗauka, ga shi kuma in ganguna da ƙahoni sun tashi ba a jinsa. Cikin 1951 wani maƙeri Ba'amurke mai suna Leo Fender, a jihar Kalifoniya, ya fitar da bes ta lantarki wadda ake ratayawa a kafaɗa kamar sauran jita, ya sa mata suna Precision. Tsirkiyoyinta huɗu ne, masu kauri, kuma ba ta da kwarya mai ƙara amo irin ta garaya ko gurmi. Akwai maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyin, shi ke ɗaukar girgizarsu ya mai da ita lantarki, ta bi waya zuwa na'urar ƙara murya, daga nan zuwa lasifika.

Tsirkiya mafi kauri cikin huɗun, in an ja ta, takan girgiza kamar sau 41 cikin daƙiƙa guda. Kunnen yaro mai lafiya yakan ji daga wajen girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, saboda haka wannan murya tana kusa da iyakar ji ta ƙasa. Mutum ya fi jinta a ƙirji da ciki bisa ga kunne. Ƙaramar lasifika kuwa ba ta da faɗin da za ta tura iska mai yawa a hankali haka, shi ya sa muryar ke ɓacewa.

Aikin mai bes a farkon zamanin rok bai wuce abu biyu ba: ya taka tare da babbar ganga, ya kuma riƙa faɗin tushen muryar da sauran makaɗa ke ginawa a kai. Ana so ya tsaya daga baya, a ji ɗuminsa, kada a ji maganarsa. Sau da yawa ma yaron da ya fi rauni a jita shi akan miƙa wa bes.

Tasowarsa

An haifi John Alec Entwistle ran 9 ga Oktoba 1944 a yammacin birnin Landan, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Ubansa mai busa ƙahon tagulla ne, uwarsa kuwa tana kaɗa piyano. Auren bai daɗe ba, sai yaron ya tashi wurin uwarsa a gidan kakanninsa a unguwar Acton. Yana da shekara 7 aka sa shi koyon piyano, bai so ba, amma ya koyi karanta rubutun kiɗa. Da ya shiga makarantar sakandare ta Acton yana da shekara 11 sai ya koma busa ƙaho irin na ubansa, daga baya ya shiga babbar ƙungiyar makaɗa ta makarantun lardin Middlesex, inda aka ba shi ƙahon nan mai naɗi da Turawa ke dangantawa da Faransa.

Ya kamata mu lura da wannan, gama shi ne tushen abin da ya biyo baya. Mai busa ƙaho kari yake bi, murya ɗaya bayan ɗaya, yana neman kowace ta fita sarai, kuma ya saba da zama cikin makaɗa masu yawa yana ƙirga lokacin shigarsa. Da wannan kunne Entwistle ya zo ga bes.

A makarantar nan ya sadu da Pete Townshend, suka kafa 'yar ƙungiyar kiɗan jaz mai suna The Confederates, wadda ba ta daɗe ba. Da kiɗan rok ya shigo daga Amurka, sai ya ga ƙahonsa ba ya fita a tsakiyar jitocin lantarki. Ya gwada jita, amma yatsunsa manya ne, kuma abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne kiɗan Duane Eddy, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen kaɗa kari a kan tsirkiyoyin jita masu kauri. Sai ya zaɓi bes. Ba shi da kuɗin saye, sai ya sami katako ya sassaƙa tasa a gida. Wata rana yana tafe da ita a titi, Roger Daltrey, wanda ke gaba da shi da aji guda a makarantar, ya gan shi ya kira shi cikin ƙungiyarsa mai suna The Detours. Entwistle ne kuma ya sa aka kawo Townshend. Da rana yana aikin akawu a ofishin haraji, da dare yana kiɗa. Cikin 1964 suka sake suna zuwa The Who, kuma a shekarar ce Keith Moon ya zama mai gangunansu.

Larurar da ta haifi salon

The Who mutum huɗu ne, amma masu kayan kiɗa uku ne kawai, gama Daltrey waƙa yake yi. Cikin ukun nan kuwa ba wanda ya tsaya a gurbin da aka saba. Moon ba ya riƙe taku ɗaya kamar sauran masu ganga, sai ya yi ta zuba bugu ko'ina kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Townshend kuma ya fi son ya daki tsirkiyoyi duka gaba ɗaya, watau shi ne ya ɗauki aikin riƙe taku. Sai aka bar fili babba a tsakiya, ba mai kari, ba mai cike giɓi. Entwistle ya shiga filin nan da bes. Townshend da kansa ya sha faɗi cewa a ƙungiyarsu ayyuka sun juye, mai bes ne ke yin aikin da mai jita ke yi a wasu wurare.

Amma kafin a ji karin, sai an ji mutumin. Moon yana duka da ƙarfi ƙwarai, har Entwistle ba ya jin kansa. A unguwar Hanwell akwai kantin wani tsohon mai ganga, Jim Marshall, wanda ya soma ƙera na'urorin ƙara murya cikin 1962. Entwistle yana cikin na farko da suka sayi akwatinsa mai lasifika huɗu, kowace faɗinta inci 12. Da Townshend ya ga an rufe shi sai shi ma ya saya, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara. Gasar nan tasu tana cikin abin da ya sa Marshall ya ƙera na'ura mai ƙarfin wat 100 a 1965, aka kuma soma ɗora akwati kan akwati, abin da ya zama alamar dandamalin rok har yau.

Maganar tsirkiya

A ƙarshen Oktoba 1965 The Who suka fitar da waƙarsu "My Generation", ta kai matsayi na 2 a jerin faya-fayen da aka fi saye a Ingila. A tsakiyarta sauran makaɗa sukan ja baya sau huɗu, su bar bes ta yi magana ita kaɗai. Ba a saba jin haka a faifan rok ba, kuma har yanzu ana lissafa wurin nan cikin na farko irinsa. An sha wahala kafin a same shi. Entwistle ya so ya kaɗa shi da wata bes ƙirar Danelectro, domin tsirkiyoyinta sirara ne masu kaifin murya. In tsirkiya ta tsinke kuwa, ba a samun irinta a kantunan Landan, sai dai a sayi sabuwar jita sukutum. Haka ya yi ta yi har ya sayi uku. Daga bisani ya haƙura, ya ɗauki Fender Jazz, ya sauƙaƙa kiɗan, shi ne wanda ke cikin faifan.

Wannan wahala ta nuna masa inda gizo ke saƙa. Tsirkiyar bes waya ce ta ƙarfe a tsakiya, an naɗe ta da wata waya don ta yi nauyi. A zamanin nan naɗin shimfiɗaɗɗe ne mai santsi, kamar an naɗa ƙyalle, har wasu jitoci sukan zo da soso a gindin tsirkiya don a danne amonta. Muryar da ke fita mai taushi ce, gajeriya, kamar an daki buhun gero. Entwistle kuwa so yake bes ta yi ƙara kamar tsirkiyoyin piyano na ƙasa, waɗanda aka naɗe da zagayayyar waya. Cikin 1966 ya tafi masana'antar James How, mai tsirkiyoyin Rotosound, ya zauna yana gwadawa yana faɗin wadda ta yi da wadda ba ta yi ba, har aka daidaita kaurin kowace. Daga nan aka sami jerin da ake kira Swing Bass 66, wanda ake sayarwa har yanzu. A faifansu na 1967 mai suna "The Who Sell Out" har sun sa 'yar tallar Rotosound don raha.

To, ga amsar tambayar ɗalibanmu. In an ja tsirkiya, ba girgiza iri ɗaya take yi ba. Tana girgiza gaba ɗayanta, tana kuma girgiza rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu, duk a lokaci guda. Saboda haka tsirkiyar da uwar muryarta ke 41 tana fitar da 'ya'yan murya a wajen 82, da 123, da 164, har sama can. Shimfiɗaɗɗen naɗi da soso sukan kashe 'ya'yan nan da wuri. Zagayayyen naɗi, musamman in sabo ne, yakan bar su su yi ta ƙara. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da uwar, amma tana fitar da 'ya'yan, kuma in kunne ya ji su a jere, sai ƙwaƙwalwa ta gane uwar da ta haife su. Entwistle yakan buɗe maɓallin siririyar murya har ƙarshe, yakan kuma sa sababbin tsirkiyoyi kafin kowane wasa. Daga baya ma ya riƙa raba muryar jitarsa biyu, mai kauri ta bi wata na'ura, siririya ta bi wata, don kowace ta fita ba tare da ta dagula 'yar'uwarta ba.

Hannun da kansa

Kayan aiki ba su yin kiɗa sai da hannu. Yawancin masu bes da yatsa biyu suke ja, ko da farcen roba. Entwistle yakan yi da farcen in waƙa ta bukata, amma an fi saninsa da yatsu uku, wani lokaci huɗu. Yakan sauko da tsirkiyoyin su kusanci wuyan jitar ƙwarai, sa'an nan ya miƙe yatsunsa ya riƙa dukansu daga sama, su faɗa kan gaɓoɓin ƙarfen da ke wuyan su yi ƙara. Ana kwatanta wannan da buga tafireta, kuma kwatancin ya dace da tsohon akawu. Da yake na'urarsa a buɗe take, ba ya bukatar ƙarfi. Taɓawa kaɗan ta isa, shi ya sa yake da sauri, kuma in ya so ya tsananta sai ya ɗan ƙara nauyin yatsa. Daga nan ya sami laƙabin da ma'anarsa ita ce Mai Yatsun Tsawa. Ɗaya laƙabin, watau Sa, saboda ƙarfin jikinsa da juriyarsa aka ba shi.

Abin mamaki shi ne tsayuwarsa. A dandamali Townshend yana tsalle yana wulwula hannu, wani lokaci ya farfasa jitarsa. Daltrey yana juya makirufo da igiyarta kamar majajjawa. Moon yakan ƙare wasa da ture ganguna. Entwistle kuwa yana gefe guda a tsaye kamar an dasa shi, fuska ba walwala ba fushi, ba abin da ke motsi sai yatsu. Bill Wyman, mai bes na The Rolling Stones, ya siffanta shi da cewa ba wanda ya fi shi shiru a zaune, ba kuwa wanda ya fi shi ƙara a dandamali. Shiru-shiru dai ba tsoro ba ne. Yana da raha irin tasa mai duhu-duhu: a babban taron kiɗa na tsibirin Wight a 1970 ya fito da rigar fata mai zanen ƙwarangwal, kuma waƙarsa ta 1966 da ta fi shahara, "Boris the Spider", labarin gizo-gizo ce, ya rera wani sashinta da murya kamar daga cikin rijiya.

Abin da mai koyo zai saurara

Wanda ke so ya ji abin da muke faɗi, muna ba shi shawara ya bi faya-fayen nan bi da bi. Ya fara da "My Generation" ta 1965. Sa'an nan "Pictures of Lily" ta 1967 da mabuɗin faifan "Tommy" na 1969, inda zai ji ƙahon nan na makaranta bai tafi a banza ba. Sa'an nan "Live at Leeds", wanda aka ɗauka a ɗakin cin abinci na Jami'ar Leeds ran 14 ga Fabrairu 1970. A nan ne za a ji yadda kayan kiɗa uku ke cika ɗaki, kuma in Townshend ya bar taku ya hau kari, ba a jin rami a ƙarƙashinsa.

Akwai wani labari game da faifan nan da ya dace da zancenmu. Kashegari, ran 15 ga wata, an ɗauki wani wasan nasu a garin Hull. Da aka duba sai aka tarar, saboda matsalar waya, bes ba ta shiga waƙoƙin farko ba. Aka ajiye ɗaukan shekara 40. Da za a fitar da shi a 2010, sai da aka ɗebo kiɗan Entwistle na Leeds aka dasa a gurbin da ya ɓace. Mutum uku suna nan cikin faifan da dukan ƙarfinsu, amma ba a ga ya isa a kai kasuwa ba sai da na huɗun.

Bayan wannan sai "My Wife", waƙarsa ce cikin faifan "Who's Next" na 1971, shekarar da ya riga sauran 'yan ƙungiyar fitar da faifai nasa na kansa. Sa'an nan "Quadrophenia" na 1973, inda "The Real Me" take. Shi da kansa ya ce a gwaji na fari aka ɗauki bes ɗin waƙar nan, yana wasa ne kawai, sauran suka ce a bar shi haka. Ƙahonin da ke cikin waƙar "5:15" kuwa shi ya busa su, ɗaya bisa ɗaya. A ƙarshe akwai hoton wasan da suka yi a Shepperton a 1978 don fim ɗinsu "The Kids Are Alright", wanda daga baya aka fitar da shi da muryar bes ita kaɗai. Wanda ya kalli wannan zai ga yawan abin da ke gudana ƙarƙashin waƙar da yake tsammani ya sani.

Waɗanda suka bi sawunsa

Ba Entwistle kaɗai ya ɗaga darajar bes a zamaninsa ba, kuma rashin adalci ne a ce haka. A birnin Detroit na Amurka, James Jamerson yana kaɗa wa kamfanin Motown da yatsa ɗaya, da shimfiɗaɗɗun tsirkiyoyi waɗanda ba ya son canzawa, muryarsa mai taushi, kishiyar ta Entwistle sosai. Paul McCartney na The Beatles ya sa bes ta riƙa rera kari mai daɗi. Jack Bruce na Cream ya kawo mata 'yancin jaz. Abin da ya keɓanta ga Entwistle shi ne muryar kanta, mai kaifi, mai ƙarar ƙarfe, wadda ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da jita.

Chris Squire na ƙungiyar Yes ya ɗauki wannan murya da tsirkiyoyin Rotosound ya gina salonsa a kai. Geddy Lee na Rush, mutumin Kanada, wanda shi ma ƙungiyarsa masu kiɗa uku ne, ya sha ambaton Entwistle cikin malamansa na kunne, haka ma Steve Harris na Iron Maiden da Billy Sheehan. Har Jaco Pastorius, gwanin jaz, da irin tsirkiyoyin nan ya yi kiɗa. Yau in mutum ya shiga kanti ya sayi sabuwar bes, galibi da zagayayyen naɗi zai same ta, watau abin da ya zama baƙo a 1966 shi ne gama-gari yanzu. An shigar da The Who zauren girmama makaɗan rok na Amurka a 1990. A 2011 masu karanta mujallar Rolling Stone suka zaɓe shi na ɗaya cikin masu bes, a jerin da mujallar ta tsara da kanta a 2020 kuwa ya zo na uku, bayan Jamerson da Charles Mingus.

Akwai masu sukarsa, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya. Suna cewa salon ya dace da The Who ne domin akwai filin da za a cika, in aka kai shi ƙungiya mai makaɗa da yawa sai ya zama cunkoso. Daltrey ma ya sha faɗa da shi kan yawan ƙara, gama mawaƙi ba ya jin muryarsa. Matasa da yawa sun kwaikwayi saurin yatsunsa da ƙarar na'urarsa, ba su kwaikwayi kunnen da ya san inda giɓi yake ba.

Abin da aka biya

Ran 31 ga Mayu 1976 The Who suka yi wasa a filin ƙwallon Charlton a Landan, littafin Guinness ya rubuta shi a matsayin wasa mafi ƙara da aka auna har lokacin, ya haura desibel 120. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa desibel 85 shi ne iyakar abin da kunne zai jure na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Townshend ya daɗe yana fama da ƙugi cikin kunne, Entwistle kuwa a ƙarshen rayuwarsa jinsa ya ragu ƙwarai. Hausawa sun ce ganga in ta cika zaƙi fashewa take yi.

Natsuwar da yake nunawa a dandamali kuma ba ta bi shi gida ba. Ya sayi ƙaton gida a karkarar Gloucestershire ya cika shi da jitoci da kayan tarihi, yana kashe kuɗi ba lissafi, ga taba, ga giya. Keith Moon ya riga ya mutu a 1978 yana da shekara 32. Entwistle kuwa an same shi a mace a ɗakin wani otal a Las Vegas ran 27 ga Yuni 2002, ana gobe za su soma zagayen wasanni a Amurka, yana da shekara 57. Binciken likita ya nuna zuciyarsa ce ta tsaya, dā ma tana da ciwo, kuma hodar iblis ce ta tayar da shi. Ba mu faɗi wannan don tozarta mamaci ba. Mun faɗa ne don samarinmu da ke sha'awar rayuwar makaɗa su ji labarin har ƙarshensa. Bayan kwana huɗu ƙungiyar ta ci gaba da zagayen, da Pino Palladino a gurbinsa.

Ga malamai

Abu biyu muke roƙon malaman makarantu su ɗauka daga nan. Na fari, yaron nan bai faɗo daga sama ba. Makarantar gwamnati ce da ƙungiyar makaɗan lardi suka ba shi ƙaho, suka koya masa karatun kiɗa da sauraron na kusa da shi, kuma da wannan horo ya bambanta da dubban samarin da suka rungumi jita a shekarun nan. In an zo rage darussa a jadawali, kiɗa da zane ake fara yankewa, sai a tuna ba a san wanda ke zaune a bencin baya ba.

Na biyu, sauraro abin koyarwa ne kamar karatu. Malami ba ya bukatar kaya masu tsada. Ya sa faifai ɗaya sau uku, ya ce wa yara karo na fari su bi mawaƙi, na biyu su bi ganga, na uku su nemi murya mafi kauri su bi ta daga farko har ƙarshe, su buga takunta a kan tebur. Ana iya yin haka da kiɗan Turawa, ana iya yi da kiɗan kalangu ko na kotso. Mun gwada da ɗalibanmu, kuma a mako na biyu waɗanda suka yi mana gardama su ne suka zo da waƙoƙi suna nuna mana inda bes ta shiga. Sai dai a rage ƙarar lasifika in za a yi, domin kunnen da ya lalace ba ya komawa yadda yake.